Honda 175 da aka yi wa aski: in saya ko in haƙura?

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Toh yau dai naje naga mashin ɗin da idona, bayan hotunan da dillali ya dinga turo min a WhatsApp kamar zai cika min waya. Honda CD175 ne, wanda iyayenmu ke cewa Honda 175 kawai, silinda biyu, kafireta ɗaya, giya huɗu. Honda sun yi shi daga 1967 zuwa 1979, kuma wannan daga yadda injin ya tsaya a miƙe na shekarun 1970 ne, ba irin na farkon nan ba da injinsa ya ɗan kwanta gaba.

Sai dai fa ba yadda ya fito daga kamfani yake ba. Yaron da ke da shi ya yi masa aski na gaske. Madigadin baya babu, na gaba an yanke shi ya koma ɗan guntu, murfin sarka ɗin nan da ke rufe ta ruf an cire, dogon sit ɗin an sauke an ɗora wani gajere na fata mai tozo a baya wanda mutum ɗaya kawai zai ɗauka, sitiyarin an canza da wasu guntaye guda biyu a ƙasa, sai ka kwanta a kan tanki kafin hannunka ya kai. Tankin baƙin fenti mara sheƙi, bajon Honda babu. Akwatin iyakilina, wato mai tace iskar da inji ke sha, an cire an maƙala wata ƴar filta kamar kofi a bakin kafireta, salansa kuma guntaye an naɗe su da wani farin ƙyalle. Ya mayar da wutar batir volt 12 daga 6, fitila LED.

Gaskiya ba zan ɓoye ba, yana da kyau. In ka hango shi a jingine a bakin shago sai ka sake waiwaye. Dubu 900 suka ce. Dillali sai maimaita min yake wai Alhaji irin wannan a Kano ba na biyu, nace ai shi ya sa nake tsoro.

Talata, 7 ga Janairu

Na ɗan zauna na bi asalin wannan salon, don yaron ce min yayi sunansa kafe resa kuma haka Turawa suke yi. Gaskiyarsa, abin daga Ingila ya fito, ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1960. Samari ne ke taruwa a shagunan shayi na bakin titi, wanda ya fi suna shi ne Ace Cafe a kan titin North Circular a Landan, an buɗe shi tun 1938, su kuma burinsu mashin ya kai mil 100 a awa, wajen kilomita 160 kenan. Don haka duk abin da ke da nauyi sai su kwance, su sauke sitiyari ƙasa don su kwanta iska ta wuce ta samansu. Masu kuɗin cikinsu har injin Triumph suke ɗorawa a firam ɗin Norton su kira shi Triton.

Kaga su akwai dalili. Manyan injina ne na 500 da 650, ga titi sumul. Shi kuwa CD175 tun ranar da aka zana shi ba don gudu aka yi shi ba, ɗan'uwansa CB175 shi aka ba kafireta biyu da giya biyar don masu son zafi, wannan na ma'aikaci ne da malamin makaranta, ya je ofis ya dawo da wandonsa fes, shi ya sa aka rufe sarkar aka sa manyan madigadi. Wato duk abin da yaron nan ya cire, shi ne ainihin abin da ya sa mutanen da suka riƙe mashin ɗin shekara da shekaru. Kilomita 160 kuwa ko a mafarki ba zai yi ba.

Amma dai har yanzu raina yana kai.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau na ɗauki Baba bakanike muka tafi tare. Tsoho ne, tun zamanin da Honda 175 da Vespa suka cika gari yake wannan sana'a, yanzu ma yaransa ne ke yawancin aikin shi sai dai ya zauna a benci yana nuni da baki. Tun jiya ya gargaɗe ni, yace ka gaya musu kar wanda ya tada shi kafin mu zo, so nake in same shi da sanyinsa. Muna isa kafin ma ya amsa gaisuwa sosai ya ɗora bayan hannunsa a kan bulok, ya kalli yaron.

"Samari, ka tada shi ko?"

"A'a Baba, fito da shi kawai nayi daga ɗaki."

"Ɗakin naku akwai murhu kenan."

Dole muka zauna aka sayo shayi har ya huce. Da ya huce sai da aka sha kik kafin ya kama, da ya kama kuma sai an riƙe totur in ba haka ba ya mutu. Ƙara kam ba a magana, yaran unguwa har sun fara taruwa. Baba ya sa aka ba shi wuta aka saki, wani ɗan shuɗin hayaƙi ya fito ta salansar hagu, ba da yawa ba amma na gani. Yace ko ringi ko kuma ta wajen bawul yake shan baƙin mai, sai an buɗe za a sani. Ya kwance fulogi biyun ya jera a tafin hannu, na dama fari tas kamar an goga masa alli, na hagu da ɗan maiƙo. Farin nan yace shi ne sakamakon wannan ƴar filtar, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, an cire akwatin iyakilina amma ba a canza jet ɗin kafireta, ƴar kafar da mai ke bi, ba, inji yana ta ɗaukar zafi ba a sani ba. Sannan ya shafa filtar da yatsa ya nuna min, jar ƙura. Yace wannan a ƙasar da ake ruwa kullum aka yi ta, mu nan cikin hunturu ƙurar da take sha rabi wucewa take yi ciki tana cin fistin.

Duk wannan bai tada masa hankali ba. Inda ya ɓata rai shi ne da aka ɗaga sit. An yanke jelar firam ɗin, wajen da madigadin baya da kariya ke ɗaurewa, aka lanƙwasa wani bututu aka yi masa walda a wurin, kuma waldar irin ta mai ƙofa ce, tuli-tuli, an shafe da fenti. Dab da inda shokozoba ke kamawa. Baba ya daɗe yana ƙwanƙwasa wurin da sifana bai ce komai ba.

A hanya yake ce min, "Alhaji, duk abin da aka kwance da sifana ana mayar da shi da sifana. Wanda aka sa wa zarto shi ne abin lissafi." Yace tanki, sitiyari, salansa, fitila, duk ba komai ba ne in da kayan, amma firam in an yanke to sai dai gyara, kuma gyaran ma sai a hannun wanda ya san auna ƙarfe, in ba haka ba tayar baya da ta gaba ba za su bi layi ɗaya ba.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na nuna wa uwargida hoton. Ta kalla ta kalla tace, "Abban yara, ni ina zan zauna?" Nace ai ba na ɗaukar mutum ba ne. Tace to cefanen fa a ina za a ɗaure? Ban da amsa. Ta miƙo min wayar ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Asabar, 18 ga Janairu

Na shiga Ƙofar Ruwa neman kaya, don in san in na saya me zan tarar. Abin da na fahimta shi ne kasuwar yanzu ta Boxer ce da Jincheng da sauran na Chana masu kwaikwayon injin CG. Shi CG125 Honda sun fito da shi a 1975 musamman don ƙasashe irin namu inda ba a cika juyen baƙin mai kan lokaci ba, shi ya sa har gobe kayansa ko a ƙauye ka samu. Na 175 kuwa in ka tambaya yaran shago kallonka suke, sai an kira maka babansu.

Ƙananan abubuwa ba matsala. Fulogi, sarka, belin, wayar kuloci da ta birki, taya, duk akwai wanda zai hau ko a ɗan yi masa dabara. Kwantak da kwandensa wani dattijo ya zaƙulo min daga ƙasan kanta a cikin kwali da ya sha ƙura, yace ragowar tsohon kaya ne in sun ƙare sun ƙare. Fistin da ringi da gasket yace zai iya aikawa Nnewi a duba, don can ce cibiyar kayan babur a ƙasar nan, amma ba ya alkawari kuma sai na ajiye kuɗi.

Inda gizo ke saƙar shi ne kayan jiki. Madigadi na asali, murfin sarka, murfin gefe, akwatin iyakilina, dogon sit da ƙarfen ƙasansa, salansa biyu dogaye. Babu. Sai dai ka samu wani mataccen 175 a bayan gidan wani ka saya gaba ɗaya ka kwashe. Na duba intanet da daddare, akwai masu ƙera sababbi a Tailan suna sayarwa, amma da dala, dala kuma a farkon 2025 ɗin nan ta haura naira 1,500, ga kuɗin jirgi ga kwastan, da na tara lissafin madigadi biyu da salansa da sit kawai sai na kashe wayar na kwanta.

Abin da ke ba ni haushi a irin wannan ciniki kenan. Mai shi yana lissafa maka kuɗin da ya kashe, fenti kaza, sit kaza, walda kaza, yana so ka biya shi, alhali kai kuma sai ka sake kashe wani kuɗin kafin ka warware abin da ya yi. Sau biyu kenan kake biya a kan son ran wani. Ba wai ina zagin masu gyara mashin ba ne, kayansu ne, kuma akwai waɗanda suka iya, sai dai a ganina in za ka yanka to ka yanka CG ko Jincheng da suke ko'ina, ba abin da aka daina ƙerawa tun 1979 ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Takardu. Na sa yaron ya kawo duk abin da yake da shi. Akwai wata tsohuwar takardar mallaka da ta koma ruwan ƙasa, da rasit ɗin hannu na wanda ya sayar masa, da lasin da ya daɗe da ƙarewa. Lambar firam tana nan a wuyan mashin, fenti ya ɗan cike ta sai da muka kankare da reza, ta fara da CD175 kuma ta yi daidai da ta takarda. Ta inji ta fara da CD175E, ita ma ta yi daidai da abin da aka rubuta. Dillali ya so ya ruɗa kansa wai me ya sa lambar inji da ta firam ba iri ɗaya ba, nace ai Honda dama ba sa zuwa iri ɗaya, abin dubawa shi ne kowace ta dace da takarda kuma ba alamar an goge an sake bugawa.

Wannan ya kwantar min da hankali sosai, don na sha jin wanda ya sayi tsohon mashin daga baya aka zo da ƴan sanda. Sharaɗina dai in an kai ga ciniki za a rubuta takarda da shaidu, da mai unguwarsu a ciki, kuma wanda ya sayar masa yana raye a nan cikin gari, ina so in gan shi.

Wani abu kuma, mashin ɗin ba madubi, ba tirafiketa, lamba ma a gefe aka maƙala ta a karkace don ba madigadin da za a ɗaura. Da wannan ƙarar salansa, duk wani mai kaki da ke bakin titi daga nesa zai ji zuwanka, kuma in ya tsare ka da gaskiyarsa.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na hau. Da safe muka fita ta hanyar Gwarzo inda ba cunkoso, yaron na bina a baya a kan wani mashin ɗin.

Zan faɗi alherinsa tukuna. Injin nan in ya yi ɗumi daɗi gare shi, fistin biyun tare suke hawa su sauka, sai ka ji wani irin gurnani a ƙasa wanda mai silinda ɗaya ba ya yi, giya na shiga lafiya ba ta zamewa, kuloci bai ja ba. Wutar 12 da ya yi ma na yaba, wanda ya taɓa tuƙa mai wutar 6 da daddare ya san fitilarsa da aci-balbal ba su da maraba. Wannan canjin ko na saya ba zan taɓa shi ba, sai dai a gyara wayarin don na ga wurare da aka murɗa waya aka naɗe da salatif kawai.

Sauran kuwa wahala. Kafin mu kai Janguza wuyan hannuna ya fara zogi, bayana ya riƙe, wuya kuma a sanƙare don kana kwance ne kana ɗaga kai kana neman hanya. In ka faɗa rami sit ɗin nan ba soso, kai tsaye yake isar maka da saƙo. Juyawa a ƙaramin wuri sitiyari na bugun tanki, har na ga inda fentin ya fashe dama. Birki gaba da baya duk na ganga ne, haka ya fito, yana kamawa amma sai ka fara shiri da wuri, ga tayoyin da ya sa masu ƙiba don ado sun sa kan ya yi nauyi. Na wuce wani wuri da ruwan kwata ya malalo titi, tayar baya ta zana min layi daga ƙugu har ƙeya a kan farar shadda. Yanzu fa rani ne. Ina ga Agusta.

Na kuma yi abin da Baba yace, a kan miƙaƙƙen titi na ɗan sassauta hannu in ji ko zai ja gefe. Yana ɗan ja dama, kaɗan. Ko jelar ce, ko belin ɗin wuya, ko tayar baya ce ba a saita ba, Baba yace sai ya ja igiya daga tayar baya zuwa ta gaba zai faɗa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yaron ya yarda a kai shi garejin Baba a buɗe, da sharaɗin ni zan biya kuɗin aiki da gasket ko na saya ko ban saya ba. Na yarda, gara in yi asarar wannan da in yi ta dubu ɗaruruwa.

Baba ya fara da murfin dama. Waɗannan injinan ba su da filtar baƙin mai ta takarda, wani ɗan kofi ne ke juyawa da inji yana tara datti a jikinsa, sai an buɗe an kankare lokaci-lokaci. Na wannan da aka buɗe dattin ya daskare ya zama kamar ƙasa, da sukundireba aka dinga ɓanɓaro shi, ga alama rabon da a taɓa shi tun mai shi na farko. Abin da Baba ke tsoro shi ne sama, don kam ɗin, ƙarfen da ke buɗe bawul, a kan alminiyon yake juyawa kai tsaye, in mai bai hau sosai ba nan yake fara ci, kuma in ya ci to nema ne ba na wasa ba. Alhamdulillahi an samu ƴan zane amma yace zai yi. Tamin cen, sarkar da ke juya kam ɗin, ta saki, ringin hagu ya gaji. Kan fistin ɗin dama ya yi fari saboda zafi amma bai huje ba. A taƙaice injin na raye, yana neman ringi, tamin cen, wasa bawul, da a mayar masa da iyakilina.

Igiya kuma ta nuna tayar baya ce aka ɗaure a karkace, da aka saita layi ya dawo. Wannan babban labari ne. Waldar jelar dai yace dole a sare a sake, bai yarda da ita ba ko na kwana ɗaya.

Ana cikin haka Baba yake tambayar yaron, kamar da wasa, "Samari, kayan da ka cire ka sayar wa ƴan gwangwan ne?" Sai yace a'a suna gidan yayansa a cikin buhu. Wallahi ji nayi kamar in rungume shi, tun farko ba wanda ya faɗa min, dillali ma bai sani ba. Aka tura almajirin gareji da Adaidaita ya ɗauko. Buhu biyu. Madigadin baya yana nan da ɗan lotsawa, murfin sarka sama da ƙasa, murfin gefe duka biyu, akwatin iyakilina, sitiyari na asali, dogon sit ɓera ya ci soson amma ƙarfen lafiya, har bajon tanki a cikin ledar burodi. Salansa ɗaya ce kawai, ɗayar wai ta ruɓe ya yar. Madigadin gaba shi ne wanda ya yanke. Guntun jelar firam ɗin kuwa yana wajen mai walda tun bara, wato ya tafi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na zauna da Baba mun yi lissafi. Aikin inji, sabuwar jela da za a auna a jikin wani 175 na abokinsa da ke Fagge a ƙera irinta, ɗinkin sit, gyaran wayarin, tayoyi daidai girman asali, madubi da tirafiketa, neman salansa ɗaya da madigadin gaba, fenti daga baya in hali ya yi. Yace in ware dubu 350 kuma kar in yi mamaki in ta wuce. In ka ɗora a kan 900 ka shiga layin kuɗin sabuwar Boxer, wadda za ka hau yau ba ka san bakanike ba sai juyen mai, kuma da fetur yake kusan naira dubu lita a farkon 2025 ɗin nan ita ta fi sauƙin sha. Na sani. Ba don zuwa kasuwa nake son wannan ba, akwai wanda nake hawa kullum.

Jiya na yi tayi. Dubu 550, da buhunan nan biyu a ciki, shi kuma ya riƙe sit ɗinsa mai tozo da guntayen sitiyari da salansar da filtar, in ya ga dama ya ɗora wa wani mashin ɗin, ni ba abin da zan yi da su. Dillali yace albarka tun kafin in rufe baki. Yaron ya yi shiru, sannan yace Yaya fentin kaɗai ka san nawa na kashe? Nace na sani ƙanena, amma fentin nan ni kankare shi zan yi. Ya sauko 750, na hau 600, nan muka tsaya.

Yace zai yi shawara da yayansa zuwa Juma'a, wai akwai wani daga Abuja da ya ga hoton a Instagram yana so a yadda yake. Ko gaskiya ne ko salon ciniki ne oho, in akwai shi ɗin to ya fi ni dacewa da mashin ɗin a haka, kuma ba zan bi shi tsere ba, 620 ce iyakata na kuma gaya wa dillali don kar ya wahalar da kansa. Ga azumi saura ƴan makonni, akwai buhun shinkafa da sukari a gabana. Kafin Juma'ar Baba zai je Fagge da tef ya auno jelar, kuma dattijon Ƙofar Ruwa yace in kira shi Laraba kan maganar ringi.